Akwatin Makarantar Bahijja

Horo Birni,
3 ga Agusta.

Zuwa ga Baffa Mainasara, maƙerin akwati, kasuwar Bodinga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya damina, ya iyali, ya kuma jiki? Mu nan lafiya lau, gero ya fara ɗaukar ciki. Mahaifiyata Inno tana gaishe ka da kyau.

Baffa, ni ce Bahijja, ɗiyar marigayi Muhammad Sani, wanda kakansa da kakanka suke wa da ƙane. Rabonka da ni tun sadakar bakwai ɗin Baba, don haka ban sani ba ko za ka tuna fuskata. Na so in kira ka a waya, Inno ta ce bugun ƙarfe ya daɗe da cinye maka kunne, sai dai takarda. Zan riƙa ba da ita a tashar Shagari, Maniru direba ya sauke maka.

Albishirinka. Na samu shiga kwalejin koyon aikin lafiya a Sakkwato. Za a rufe tantance ɗalibai ranar Juma'a, 22 ga Satumba, kowa ya je da kansa da takardunsa na asali.

Rashida, 'yar maƙwabtanmu, tana aji biyu a can. Ta ce mutum takwas ne a ɗaki ɗaya, gadaje masu hawa biyu, kuma sabuwar ɗaliba ba ta samun loka ta ajiye kaya, sai ƙarƙashin gado. Ta auna mini wurin: tsayinsa taƙi biyu da yatsa uku. Ta ce ɓeraye sun huda mata jaka biyu a shekara guda, sun yi mata fitsari a farin kayan makaranta. Ni kuma zan tafi da gari, ƙuli-ƙuli, kuka, daddawa da gabu, ga littattafai, ga fararen kaya da ba sa son warin daddawa. Inno ta ce akwatin da ka yi mata na aure har yau tsatsa ba ta ci shi ba. Shi ne na ce bari in roƙe ka.

Sai abu na biyu. Rashida ta ce wanda ba ya rubuta lokutansa a makarantar nan, lokaci zai rubuta shi. Ita a waya take tsara nata, amma tawa ƙaramar Nokia ce ta Inno. Na ga dayari a Shagari, mai shafi ɗaya kowace rana, da kuma kalandar bango mai manyan gidaje. Ban san wanda zan ɗauka ba. Ko akwai wanda ya fi su a Bodinga?

Ka huta lafiya.
Ɗiyarka, Bahijja.

Bodinga,
9 ga Agusta.

Ɗiyata Bahijja,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, sai kunne da shina nan yadda anka gaya maki. Ki gaishe mani da Inno.

Na tuna ki ƙwarai. Ke ce kika zuba mani ruwan alwala kika jiƙa mani takalmi. Allah shi jiƙan ubanki, da shina raye da ya yanka rago kan wanga labari.

Akwati kin samu. Na yanke kwano mai kauri tun jiya. Tsayinsa zai tsaya taƙi biyu cif, yatsu ukun na bar maki don murfi shi samu wurin motsi in kin jawo shi. Zan raba cikinsa gida biyu da bango na ƙarfe: babban gida na tufafi da littattafai, ƙarami na sabulu, takalmi da tarkace. Abinci kuwa ba shi shiga akwatina. Daddawa ko ƙarfe bakwai kika sa mata sai ta yi magana. Ki nemi bokiti mai murfi, ki zuba kowane abu cikin gwangwani nai, ki ɗora dutse bisa. Kwaɗo biyu zan sa, mabuɗi ɗaya a wuyanki, ɗaya wurin Inno.

Maganar dayari, na tafi da ƙafata wurin mai littattafai na duba. Wanda kika gani a Shagari daga Janairu shi ka farawa, ke kuwa Oktoba za ki shiga aji, kin ga wata tara sun tafi a banza. Kalandar bango kuma a ɗakin mutum takwas ta kowa ce, wata za ta goge hannun miya da ita. Na samo maki wani da babu kwanan wata ciki, ke za ki rubuta. In kin buɗe, mako guda ne shimfiɗe kan shafi biyu, kowace rana da gidanta, ga wuri a gefe na abin da bai da rana. Altine tela, maƙwabcin rumfata, ya ɗinka mai riga ta tamfol. Ga shi nan wurin Maniru. Ki fara da fensir, jadawalin makaranta ba shi da alkawari.

Wani abu kuma, ki riƙe shi da kyau. Takardun shaidarki na asali kada ki haɗa su da tufafi ko littattafai. Wurinsu can ƙasa ne, ƙarƙashin komai, inda ido bai gani, hannu bai kaiwa. Ba zan faɗi fiye da haka cikin takarda ba.

Baffanki, Mainasara.

Horo Birni,
16 ga Agusta.

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, sai ruwa da ya yi yawa, kwana huɗu ke nan ba mu ga rana sosai ba. Bangon ɗakinmu na gabas ya jiƙe har ciki, Inno ta ce in an ɗauke za ta sa a yaɓe shi.

Littafin ya iso. Wallahi ban san akwai irinsa ba. Na wuni ina buɗewa ina rufewa, har Inno ta ce ko Alƙur'ani ne anka aiko mini. Na riga na cika makonni shida da fensir. Na sa ranar da zan karɓi fararen kaya wurin tela, ranar da za a soya ƙuli, ranar sallama da dangi, da ranar 18 ga Satumba da zan tafi tantancewa, don kada in bari sai ranar ƙarshe. A gefe na jera kayan da za su shiga kowane gida na akwati. Na sa shi cikin jakar da ke rataye a azara, inda hayaƙi ba ya kaiwa.

Bokiti ma an samu, shuɗi. Gwangwanin madara huɗu na wanke na shanya, saura na yaji.

Rashida ta dawo hutu da wata jaka mai taya, sai ja take yi a tsakar gida yara na bin ta. Ta ce yanzu ita ake yayi a makaranta. Na ce mata mu ga yadda za ta ƙare da ɓera.

Maganar takardu kuwa, na bi umarninka.

Ɗiyarka, Bahijja.

Bodinga,
2 ga Satumba.

Bahijja,

Sallama da gaisuwa. Lafiya muke. Mako biyu ke nan da wani abu ban ga rubutunki ba. Kullum Maniru ya tsaya sai in miƙa hannu, shi girgiza kai.

Akwati ya ƙare tun ranar Lahadi. Na yi mai fenti kore, na rubuta sunanki cikin murfi daga ciki, ba waje ba. Mutum uku sun taya shi na ce ba na sayarwa ba ne. Ba ni son in ɗora shi mota ba tare da na san wanda zai tarbe shi a tashar Shagari ba. Ki faɗa mani rana.

Kwana ashirin sunka rage. Ki duba littafinki.

Mainasara.

Baffa,

Ka dakata da akwatin, kada ka aiko. Ba ni da inda zan sa shi, ba ni da abin da zan sa a ciki. Zan rubuto in na samu kaina.

Bahijja.

Bodinga,
9 ga Satumba.

Bahijja,

Na ga ɗan guntun takardarki. Babu sallama, babu gaisuwa, babu ko kwanan wata. Na kuma gane takardar. Shafi ne kika yage daga littafin da na aiko maki, ga layukan ranaku nan a bayansa.

Ba sai kin yi mani kwana-kwana ba. Na karanta wasiƙarki ta baya, na ga jaka mai taya. In kunya kike ji a gan ki da akwatin ƙarfe cikin ɗiyan birni, sai ki ce haka nan. Ba ke kika fara ba. Shekara talatin da takwas ina wagga sana'a, na ga yadda mutane sunka juya mata baya, rumfa tara muke a layinmu da, yanzu mu biyu munka rage. Amma waɗancan ba su sa na yanke kwano sannan sunka fasa ba, kuma ba jinina ba ne.

Kwana goma sha ɗaya na yi kan akwatin ga. Na ajiye aikin mutane. Hannuna na dama har yau bai rufuwa da safe. Ban faɗi don ki gode ba, na faɗi don ki san mi kika ce a dakata da shi.

Ubanki bai taɓa aiko mani magana babu sallama ba. In makarantar da ba ki ko shiga ba ta fara koya maki haka, to Allah shi kyauta ƙarshenta.

Akwati shina nan. Ba ni aikowa, ba ni kuma sayarwa.

Mainasara.

Asibiti, Shagari,
14 ga Satumba.

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma neman gafara kan rashin sallama. In lafiya kake tambaya, ga amsa: ba mu da ita.

Ranar Alhamis, 24 ga Agusta, ruwa ya sauko tun hantsi bai tsaya ba. Bayan la'asar na fita in kwance awaki don ruwa ya kai musu ciki. Inno tana ɗaki tana kwashe kwanuka daga jikin bango. Ban ji wata ƙara mai yawa ba, Baffa, kamar dai an sauke buhu daga mota. Da na juyo babu bangon gabas. Na ga hannunta kawai.

Maza shida suka tono ta. Tana da rai, tana ta cewa a duba awaki. Ƙafarta ta hagu ta karye wuri biyu ƙasan gwiwa, ƙashi ya fito. A amalanke muka kai ta bakin hanya, don mota ba ta iya shiga gari. Gidaje da yawa sun faɗi ranar, ba mu kaɗai ba ne, shi ya sa babu wanda ya tuna ya aika Bodinga. Tun ranar muna nan. Ciwon ya ƙi rufewa, yana ruwa, zazzaɓi yana tafiya yana dawowa. Likita ya ce za su ƙara mako guda suna gwadawa. Bai faɗi abin da zai biyo baya ba, ni ma ban tambaya ba, don na gani a fuskarsa.

Takardar da na aiko maka a kan gwiwata na rubuta ta, ana kirana in riƙe Inno za a wanke ciwon. Littafin ne kaɗai takardar da ke hannuna. Yanzu a ciki nake rubuta lokutan maganinta da zafin jikinta, na goge abin da na sa da fensir. Ban raina shi ba. Ban raina akwatin ba. Da na ce ba ni da inda zan sa shi, ɗakin ne babu.

Saura maganar da na fi jin nauyin faɗa. Takarduna da can suna cikin jakar da ke rataye a azara. Da ka ce wurinsu can ƙasa ne, ƙarƙashin komai, sai na ciro su na sa a kwali, na tura ƙarƙashin gadon Inno, can ƙurya, na jera tukwane a gabansu. Kwana biyu bayan rushewar na koma gida na tona. Sun zama kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Takardar firamare, ta sakandare, ta haihuwa, ta shaidar ƙaramar hukuma, da ta shiga kwalejin, duk sun manne wuri ɗaya, in ka ɗaga sai ta narke a hannu. Jakar azara kuwa ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Ba na ɗora maka laifi. Na dai kasa gane dalilin da ya sa ka ce ƙasa, kuma ban tambaya ba don kai babba ne.

Rashida ta ce ana iya sake fitar da wasu, amma sai na je wurin 'yan sanda, na je kotu na yi rantsuwa, na je sakatariya, ni da kaina. Inno ba ta iya juyawa sai an juya ta, kuma ka san ni kaɗai gare ta. Jiya ta ce mini, "Tashi ki tafi, ƙafa tawa ce ba taki ba." Da ta yi barci na ga ta riƙe bakin zanena.

Ɗiyarka, Bahijja.

Bodinga,
26 ga Satumba.

Ɗiyata Bahijja,

Assalamu alaikum. Ya mai jiki? Allah shi ba ta lafiya, shi sa kaffara ne.

Ranar da na zo asibiti na zauna wurinku tun azahar har la'asar ban ce komai ba sai sannu. Kin yi mani magana sau biyu, na ga bakinki na motsi, ban ji ba. Ni kuwa in na buɗe baki ihu nike yi ban sani ba, ga ɗaki cike da marasa lafiya. Abin da na zo faɗi bai faɗuwa da ihu, shi ya sa na komo da shi.

Ƙasan akwati nike nufi. Na yi mai ciki na ɓoye, faranti na biyu bisa na farko, da ɗan wuri tsakani daidai kaurin yatsa, na like gefensa da dalma yadda ruwa bai shiga. Na ƙi rubutawa dalla-dalla don takarda hannuwa take bi, na ce in kowa ya san wurin ɓoyo ya tashi aiki. Na ɓoye ma ɓarawon da babu shi, na ɓoye maki ke ma. Da kika ce kin bi umarni, ya kamata in tsaya in ce, ta yaya, alhali akwati shina gabana ko murfi bai da? Ban tsaya ba, daɗi nike ji an ji maganata. Kin ce ba ki ɗora mani laifi. Ni na ɗauka da kaina. Wasiƙar da na rubuta maki ta 9 ga wata kuwa, ki ƙona ta. In kin iya, ki yafe.

Ga abin da na yi. Wani mai kwamfuta nan Bodinga ya fitar mani da sakamakon jarrabawarki da takardar shiga, da lambobin da kika rubuta mani a asibiti. Ranar Litinin na kai su kwalejin. Na bi layi da ɗiyan mutane, da na kai gaba anka nuna mani sai mai takarda da kanta. Na koma Laraba da hoton ɗakin da ya faɗi. Na koma Juma'a, ranar rufewa, na zauna bakin ƙofa har anka tashi, ko Allah zai kawo ki. Sai daga baya Maniru ya rubuta mani a tafin hannu cewa ranar ce anka shiga da Inno ɗakin aiki.

Jiya na samu ganin babban jami'in. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya yi magana mai tsawo. Na nuna mai kunnena. Sai ya ɗauki takarda ya rubuta: "An rufe. An ba na jerin jira gurbinta. Ta sake nema baɗi." Na ce a ajiye mata wurin mana, uwarta ce bango ya danne. Ya rubuta: "Wanda ya yi rajista ake ajiye wa." Ya raka ni har bakin ƙofa.

Ban san yadda ake gyara wanga ba, ɗiyata. Ƙarfe in na lanƙwasa shi ba daidai ba, wuta nike mayar da shi.

Baffanki, Mainasara.

Shagari,
8 ga Oktoba.

Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina fatan hannunka ya yi sauƙi. Inno tana gaishe ka. Zazzaɓin ya sauka tun bayan aikin, tana cin abinci, jiya ta sha fura rabin kofi.

An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. An sallame mu ranar Talata. Muna zaune a Shagari gidan wata 'yar ɗakinsu Inno, a zauren da take ajiye albasa, don a riƙa kai ta wankin ciwo. Geron gona maƙwabta sun yanke mana. Ɗaki kuma sai rani.

Na yafe, Baffa, tun kafin ka roƙa. Wasiƙar ban ƙona ta ba, a cikinta na san kwana nawa ka yi a kan aikin.

Na gaya wa Inno an ba wata gurbina. Na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta juya fuska bango ta ce, "Da kin tafi da na yi fushi. Da ba ki tafi ba ma na yi fushi." Tun ranar ba ta sake tayar da maganar ba. Rashida ta koma makaranta ranar Lahadi, ta biyo ta yi mana sallama. Na ba ta bokitin da gwangwanayen.

Maganar baɗi kada ka tambaye ni yanzu. In na ce zan nema na yi maka alkawarin da ban san ko zan cika ba. Takardun dai zan bi su ɗaya bayan ɗaya in Inno ta fara zama ita kaɗai.

Akwatin ka aiko ranar Laraba, zan tsaya a tasha da kaina. Kayanmu da suka tsira a buhu suke, ɓerayen albasa sun fara shiga.

Akwai kuma aikin da zan roƙe ka. An ce nan da mako uku Inno za ta fara koyon tsayuwa. An nuna mana sandunan dogarawa na katako, masu shiga hammata, ta gwada ɗaya ta ce ta yi mata tsawo, kuma ba ta yarda da katakon ba. Ta ce in ba na Mainasara ba ne ba za ta ɗora nauyinta a kai ba. Na auna ta a kwance da zare, daga hammata zuwa diddigen ƙafar da ta rage. Ga zaren nan cikin ambulan, ƙullin tsakiya shi ne inda hannunta zai riƙe. Guda biyu ake so, marasa nauyi, ka sa musu roba a ƙasa don siminti.

In akwai abin da ba ka gane ba a awon, ka tambaye ni kafin ka yanke.

Ɗiyarka, Bahijja.